Kwafi Dubu a Sito: Yadda Aka Nema wa Wani Littafin Bincike Kasuwa a Madina

Littafin asalinsa kundin digirin dakta ne. Wani ɗalibi Bahaushe ya rubuta shi da Larabci a wata jami'a a Madina, a kan alƙalanci a daular Sakkwato, ya haɗa da tahaƙiƙi, wato tantance matanin wani rubutun hannu na ƙarni na 19 wanda ya gwama kwafi uku nasa. Bayan munaƙasha, wato zaman kare kundin, malaman da suka jarraba shi suka ba da shawarar a buga. Wani ƙaramin kamfanin ɗab'i ya karɓi aikin. Mai kamfanin ɗan ƙasa ne, jikan Hausawan da suka zo aikin Hajji suka zauna, yana jin Hausa irin ta Hijaz wadda Larabci ya ratsa. Ba a kama sunan kowa a nan ba, kuma an daidaita alƙaluman don lissafi ya fito fili.

Aka buga kwafi 1,000. Girmansa santimita 17 a 24, wanda shi ne girman da aka saba ga littattafan ilimi na Larabci, shafi 640, wato malzama 40 ta shafi goma sha shida-shida, bango mai tauri, takarda mai ruwan madara. Nauyin kwafi ɗaya ya ɗara kilo ɗaya kaɗan. Maɗaba'a ta ci riyal 22,000, tsara shafuka da gyaran kurakurai da zanen bango suka ci 6,000. Kowane kwafi ya tashi a riyal 28, aka sa masa farashi 70. Marubucin ya biya rabin kuɗin da gudummawar 'yan uwa, aka ba shi kwafi 150. Sauran 850 suka zauna hannun kamfani.

Lissafin da ya sa aka buga dubu

Marubucin da mai kamfanin sun yi lissafi iri ɗaya, kuma a ido mai kyau ne. Dubban Hausawa suna shigowa Madina kowace shekara, a Hajji da Umarar azumi. A cikinsu akwai malamai da alƙalai da 'yan boko. Littafi ne a kan Sakkwato, ɗan gida ya rubuta shi a birnin Manzo. Wa zai gan shi ya wuce? Sai aka raba kwafi 300 a shaguna tara na kewayen Harami a kan sharaɗin sai an sayar a biya, da rangwamen kashi 40 cikin ɗari, wato riyal 42 ke komawa kamfani a kowane kwafi.

A shekara guda shagunan nan tara suka sayar da 46. Aka dawo da 254, talatin a ciki bango ya goge ko gefe ya lanƙwashe, ba su sayuwa kuma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa wajen awon kayan alhazai. Alhaji yana da kilo ƙayyadadde, kuma dabino da jallabiyoyi da tsarabar yara sun riga sun cinye shi. In zai sayi littafi, Alƙur'ani ne, ko ɗan littafin addu'o'i da zai shiga aljihu, ko sanannen littafin hadisi da malaminsa ya yi masa sautu. Littafi mai kilo guda a kan tarihin shari'a, wanda bai taɓa jin sunansa ba, sai ya ɗaga, ya ce ma sha Allah, ya ajiye. Shagunan da ke kusa da ƙofar jami'a, inda ɗalibai ke zirga-zirga, sun fi taɓukawa: sun sayar da 60. A baje kolin littattafai guda da kamfanin ya halarta aka sayar da 25. Jimla 131, kuɗin da ya shigo bai kai riyal 6,000 ba. Lafiyayyun kwafi 689 suna kwance a sito.

Rabon marubucin kuwa walima ta cinye. Ya raba 110 ga abokan karatu da baƙi da duk wanda ya zo taya murna. Ba laifi ba ne a al'adance, amma ta fuskar kasuwa ɓarna biyu ce: waɗanda suka fi kowa yiwuwar saye su aka bai wa kyauta, sannan ko kwafi ɗaya bai je hannun mai mujallar ilimi ko ma'aikacin laburare ba.

Abin da aka gano da aka buɗe littafin

A shekara ta biyu kamfanin ya nemi wani ma'aikaci da ya daɗe yana kai wa laburaren jami'o'i littattafai. Bai fara da talla ba. Ya zauna da littafin da kwamfuta, ya neme shi kamar yadda mai bincike zai neme shi. A nan ne aka ga inda gizo ke saƙa.

Ta fuskar hukuma komai daidai yake. An samu izinin bugawa, an karɓi lambar shaidar littafi ta duniya, ISBN, wadda Larabawa ke kira radmak, da lambar ajiya daga Laburaren Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad, wanda shi ke ba da su a Saudiyya. Lambar ta fara da 978-603, ɗaya daga cikin alamun ƙasar biyu, ɗayar ita ce 9960. Matsalar tana cikin bayanin da kamfanin da kansa ya rarraba wa shaguna da shafukan sayar da littattafai a intanet.

Na farko, taken littafin yana ɗauke da kalmar Biladus Sudan. A bakin malaman da, da marubutan Sakkwato kansu, wannan na nufin ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Yaron da ya cike jadawalin kamfanin ya ga Sudan, sai ya rubuta fannin littafin "tarihin Sudan". Daga nan kuskuren ya yi ta haihuwa. Shafukan intanet biyu suka jera shi da littattafan Mahadi da Turkiyya a Hartum. Wani laburare da ya samu kwafi ya ba shi lambar 962.4 a tsarin Dewey na jera littattafai bisa fanni, wadda ta Jamhuriyar Sudan ce, alhali tarihin Najeriya 966.9 ne, kuma in ta fiƙihu za a bi, wurinsa cikin littattafan Malikiyya yake. Mai neman Sakkwato ba zai je wannan kanta ba, mai neman Sudan kuma zai buɗe ya ga ba nasa ba ne.

Na biyu, sunaye. Sunan gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ana rubuta shi da Larabci fiye da siga ɗaya: Ibn Fudi, Ibn Fudiyo, wani da ya'i mai ɗigo, wani babu. A boko kuma akwai dan Fodio da Ibn Fudi da Danfodiyo. Haka nisbobi, wato sunayen da ke danganta mutum da gari ko ƙabila: Alfullani da Alfallati, Attakruri, Alkashinawi, Albarnawi. Littafin ya zaɓi siga guda, bayanin kamfani ya zo da wata, kuma babu inda aka ambaci sauran. Sunan marubucin ma haka: a bango an rubuta shi da alkunya da nisba irin ta ɗaliban ilimi, a fasfonsa da maƙalolinsa na Najeriya kuwa suna uku ne na boko. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne.

Na uku shi ne ya fi ciwo, don ba ya gyaruwa da sauƙi. Kundin asali yana da fihirisai shida: na ayoyi, hadisai, sunayen mutane, garuruwa, littattafan da aka ambata, da mas'alolin fiƙihu. Don a rage malzama biyu, shafi 32, aka cire su duka sai jerin babi. Abin da aka tsira da shi bai wuce riyal ɗaya da 'yan kai a kowane kwafi ba. Amma mai bincike ba ya karanta irin wannan littafi daga farko zuwa ƙarshe. Yana buɗe baya ne ya duba ko an ambaci Gwandu ko Muhammadu Bello ko wani alƙali da yake nema. In babu fihirisa, sai ya ɗauka aikin ba na ƙwarai ba ne, ko da na ƙwarai ne. Haka kuma ba a rubuta a bayan shafin take cewa asalin littafin risalar dakta ce da aka yi munaƙasharta ba. Wannan layi ɗaya shi ne shaidar da malamin jami'a ke nema kafin ya kafa hujja da littafi ko ya ba da shawarar a saye shi.

Gyaran da aka yi bai ci kuɗi sosai ba. Aka buga fihirisan a ɗan littafi mai shafi 32 aka soka cikin kowane kwafi, aka kuma sa su a intanet kyauta. Aka rubuta takardar bayani shafi guda, gaba Larabci, baya Ingilishi: cikakken take, fassararsa, sunan marubuci a rubutu biyu, ISBN, shekara ta Hijira da ta Miladiyya, yawan shafi, girma, nauyi, farashi a riyal da dala, fannoni huɗu da aka zaɓa da hannu, da taƙaitawa mai kalma ɗari da hamsin wadda ta faɗi kwafin rubutun hannu nawa aka gwama da inda suke. A cikin taƙaitawar aka jera sigogin sunayen duka, da kalmomin Najeriya da Afirka ta Yamma da Sakkwato, don duk ta inda mai nema ya biyo ya faɗo a kai.

Laburare ba ya saye kamar mutum

Marubucin ya taɓa ɗaukar kwafi biyar da kansa ya kai wani laburaren jami'a yana neman a saya. Aka karɓe shi da shayi, aka karɓi ɗaya kyauta, aka yi masa godiya. Ya dawo yana cewa ba a son littafin. Ba haka ba ne. Ma'aikacin da ya tarar ba shi da ikon fitar da ko riyal ɗaya.

A laburaren jami'a akwai sashen da ke sayo littattafai, suna ce masa tazwid. Galibi sunayen littattafai daga sassan koyarwa suke fitowa: malami ya rubuta abin da yake so, shugaban sashe ya sa hannu, a tara jadawali. Sai a nemi farashi daga 'yan kwangilar da ke da rajista, a ba da odar, a kawo, a duba, sannan takarda ta tafi ofishin kuɗi. Hukumomin gwamnati a Saudiyya suna gudanar da kwangiloli da biyan kuɗi ta dandalin Etimad na ma'aikatar kuɗi. Ana bukatar rajistar kasuwanci, takardar farashi mai hatimi, da fatura, wato takardar neman biyan kuɗin kaya. Harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, kuma tun Disambar 2021 masu rajistar haraji fatura ta na'ura suke fitarwa, ba ta hannu ba. Ɗalibi baƙo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma takardar zamansa ba ta kasuwanci ba ce. Saboda haka aikinsa ba sayarwa ba ne. Aikinsa ya sa malami ya rubuta sunan littafin a jadawalin sashe. Sayarwa ta kamfani ce, ko ta ɗan kwangila.

Sai aka raba aikin haka. Ma'aikacin ya buɗe jadawalin Excel mai shafi biyu. Shafin farko laburare 74, kowanne da sunan sashen da ya dace da hanyar da yake saye. A ciki akwai na jami'o'in Saudiyya masu tsangayar shari'a ko tarihi, irin su Jami'ar Musulunci ta Madina, Ummul Ƙura a Makka, Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud da ta Sarki Sa'ud a Riyad, da Cibiyar Sarki Faisal ta bincike, sai na ƙasashen Gulf. Shafi na biyu sunayen masu bincike 190. Ba a zauna an ƙirƙiro su ba: daga jerin manazartar kundin aka fara, duk mai rai da aka ambata aikinsa ya shiga, sai waɗanda suka rubuta maƙala a fannin cikin shekara goma, sai masu duba ɗaliban digiri na biyu da na uku a fiƙihun Malikiyya da tarihin Afirka.

Kowane ɗaya aka aika masa saƙo nasa shi kaɗai, ba na taro ba. Ga manyan malamai marubucin ne ya rubuta da kansa, yana farawa da "Allah ya gafarta Malam", ya faɗi shafin da ya ambaci aikinsu, ya haɗa da takardar bayani da muƙaddima da fihirisa, ya rufe da roƙo guda: in Malam ya ga ya dace, a sa shi a jadawalin sashe. Mutum ba ya ƙin duba littafin da aka ce sunansa na shafi kaza. Kwafi 40 aka ware na kyauta a wannan karo, kowanne da dalili: masu mujallun tsangayoyi da ke buga sharhin sababbin littattafai, shugabannin sassa, da malamai biyar da aka san ɗalibai na bin abin da suka ambata a darasi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Shekarar kuɗin gwamnati tana tafiya kusan daidai da ta Miladiyya, don haka jadawalin da ya iso a ƙarshen shekara yakan jira ta gaba. Kwamitocin laburare da yawa kuma a baje koli suke cika kwalayensu: na Riyad da kaka, na Sharja a Nuwamba, na Jidda a Disamba, na Alƙahira a ƙarshen Janairu, ga na Madina da aka fara a 2022. Kamfanin ba shi da ƙarfin kama rumfa a duka, sai ya ba wani babban mai rarrabawa kwafi a rumfarsa, ya aika wa laburaren lambar rumfar mako biyu kafin buɗewa. Ta wannan hanya da ta 'yan kwangila, laburaren Saudiyya da Gulf suka ɗauki kwafi 58 a riyal 45.

Alƙahira ta buɗe wata ƙofa da ba a yi tunaninta ba da farko. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da ofishi a can tun shekarun 1960, yana sayen littattafan Larabci wa kansa da wa jami'o'in Amurka da ke cikin shirinsa, kuma akwai dillalan da sana'arsu ke nan, kai wa laburaren Turai da Amurka. Wuraren da ke da sha'awar rubutun Larabci na Afirka ta Yamma sanannu ne, kamar laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern, inda tarin littattafan Umaru Falke na Kano yake, da SOAS, makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan. Wani dillali ya ɗauki 35 a riyal 60, farashi mafi kyau da littafin ya taɓa samu. Fuskar Ingilishi ta takardar bayanin nan ce ta yi wannan cinikin. Da babu ita, da ba a san da shi ba.

Masu bukata a gida, kuɗi a waje

Mafi yawan waɗanda za su karanta littafin da gaske suna Sakkwato da Kano da Zariya da Maiduguri da Yamai. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, don haka riyal 70 kusan dala 19 ne kafin kuɗin dako. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, wannan ya zama kuɗin da ƙaramin malamin jami'a zai yi ta juyawa kafin ya fitar. Aika kwafi ɗaya ta kamfanin saƙo kuwa ya fi kuɗin littafin. Laburaren jami'o'in gwamnati a Najeriya sun dogara sosai da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma ta hannun 'yan kwangilar gida suke saye, da naira. Ba za su yi odar kwafi biyu daga Madina ba.

Aka bi hanya biyu. Ta farko, aka sayar wa wani mai sarin littattafan Larabci a Kano kwafi 200 a riyal 30, kusan uwar kuɗi, aka haɗa su cikin kayansa da ke tashi daga Jidda ta ruwa, kwali goma na ashirin-ashirin, kowanne an naɗe da leda saboda danshi. Riba babu, amma littafin ya samu adireshi a Najeriya, inda ɗan kwangilar laburare zai iya samunsa da rasit. Ta biyu ita ce waƙafi. Wani attajiri da ke zuwa Umara duk azumi, wanda a shekarar farko an ba shi kwafi kyauta ya ajiye, aka kai masa jerin wurare da sunayensu: laburaren Abdullahi Fodiyo na jami'ar Sakkwato, na Kashim Ibrahim a Zariya, na Jami'ar Bayero, Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, da kwalejojin shari'a da makarantun ilimi. Mai kamfanin ya ce masa, "Alhaji, ba taimakon marubuci muke nema ba, ga inda kowane kwafi zai zauna." Ya sayi 120 a riyal 40, aka buga hatimin waƙafi a shafin farko don kada su koma kasuwa. An sa Jami'ar Afirka ta Duniya da Jami'ar Hartum a jerin, ganin yawan Hausawa da Fulanin Sudan da ke da alaƙa da wannan tarihi tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa aka ajiye rabonsu.

Ana cikin haka sai ga littafin a Telegram, wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi. Marubucin ya tayar da hankali. Ma'aikacin bai damu sosai ba, kuma muna ganin yana da gaskiya. Ɗalibin da ya sauke shi dama ba zai saya ba, laburare kuwa ba ya ajiye hoton sata. Abin da ya biyo baya ma shi ne ambaton littafin ya ƙaru a kundayen ɗalibai, kuma daga cikin mutum 90 da suka saya kai tsaye a riyal 50, da dama sun ce a waya suka fara ganinsa.

Lissafin shekara ta biyu: kwafi 503, riyal 20,010. In aka haɗa da na farko, kusan 26,000 ke nan a kan 28,000 da aka zuba, ban da kimanin 3,000 da ɗan littafin fihirisa da dako da la'adar ma'aikacin suka ci. Har yanzu ba a mayar da uwar kuɗi ba, kuma kuɗin laburare biyu sun shafe wata bakwai ba su fito ba. Laburaren da suka saya da kuɗinsu kwafi 93 kawai suka ɗauka, ƙasa da kashi goma na abin da aka buga. Sai dai bayan sun shigar da shi kundin bayanansu da fanni daidai, ya fara bayyana a Fihirisar Larabci ta Haɗaka da ke ƙarƙashin Laburaren Sarki Abdul'aziz da kuma WorldCat, kundin haɗaka na laburaren duniya, kuma daga nan ne odar ɗaiɗaiku ta riƙa zuwa daga mutanen da ba sa cikin jerin 190.

Da jadawalin nan aka fara kafin a je maɗaba'a, da ya nuna cewa masu saye na haƙiƙa ba su wuce ɗari biyar zuwa shida ba. Kwafi 500 zai fi tsada a ɗaiɗai, amma jimlar kuɗin da za a binne ta ragu, kuma da an sa farashi biyu tun farko: mai bango mai tauri na laburare, da mai bango mai laushi da za a buga a Kano ko Alƙahira don ɗalibai. Kamfanin yana da wani kundi a hannu yanzu, a kan malaman Barno da suka zauna Hijaz. An tsayar da kwafi 600, an bar fihirisai a ciki, kuma an hana marubucin taɓa rabonsa sai an gama aika na mujallu. Kwafi 146 na littafin farko suna nan a sito, ana fitar da uku ko huɗu a wata.